Shok ɗin iska ko na sifirin: nazarin keken dutse da bayansa ya ƙi lafawa

Asalin lamarin

Mahayin da wannan nazari ya shafa ya daɗe yana hawan duwatsu da keke mai shok a gaba kawai. Irin wannan keke, duk abin da tayar baya ta taka, ƙafafu da ƙugu ne ke shanye shi. Da ya fara bin turbobi masu gangare, da duwatsu da saiwoyin itace, sai gwiwoyinsa da bayansa suka fara ciwo. Shi ya sa ya sayi keke na hannu mai shok gaba da baya.

Ga yadda keken yake. Tayoyinsa inci 29 ne. Tayar gaba tana iya yin sama da ƙasa har milimita 150, ta baya kuma 140. Shok ɗin baya na iska ne, tsawonsa milimita 210 daga ido zuwa ido, wato tsakanin ramukan kusoshinsa biyu, sandarsa tana shiga milimita 55. Yana da makunni biyu: na saurin dawowa, da wani ɗan hannu da ake murɗawa ya taurara shi lokacin hawan tudu. Firam ɗin mai sanduna huɗu ne, irin tsarin da Horst Leitner ya fito da shi, wanda ke da mahaɗa ɗaya a gaban aksul ɗin baya kaɗan. Kamfanin Specialized ya daɗe yana amfani da tsarin da sunan FSR, kuma yanzu kamfanoni da yawa suna ƙera irinsa. Wanda ya sayar da keken bai ba da tarihin gyara ba, mai saye ma bai tambaya ba.

Nauyin mahayin kilo 84 ne. Yana hawa da jakar goyo mai ɗauke da ruwa lita 3, da kayan gyara, da famfo, da tif na ko-ta-kwana. Yana sa hular kwano da safar hannu, ba ya sa makarin gwiwa. Iskar tayar baya psi 32 yake barinta (psi awon ƙarfin iska ne), kamar yadda ya saba a tsohon kekensa don gudun faci.

Wata na farko: alamu

Ya fara da ƙa'idar da aka saba ji, wato a sa wa shok psi daidai da nauyin mutum a laba. Kilo 84 ya kama laba 185, don haka ya buga psi 185. Ya hau keken a cikin gida da kayan zaman gida, ya jingina da bango, ya sauka ya duba zoben robar da ke jikin sandar shok. Zoben ya matsa milimita 16, wato kusan kashi 29 cikin 100 na milimita 55. Ga kekunan turba, lotsawar da aka fi ba da shawara a shok ɗin baya, wato yadda yake shiga idan mutum ya zauna kawai, tana tsakanin kashi 25 zuwa 30, saboda haka ya ɗauka saiti ya kammala.

A kan turba sai abubuwa uku suka bayyana. Na farko, ƙananan duwatsu suna isowa ƙafafunsa da ƙarfi, kusan yadda suke a tsohon keken. Na biyu, idan ya diro daga ɗan dutse mai tsayin gwiwa, shok ɗin yana ƙurewa, zoben robar ya kai ƙarshen sanda. Na uku, feda tana bugun duwatsu a wuraren da abokan hawansa ke wucewa lafiya. Abin da ya rikita shi shi ne alamar farko tana cewa shok ya yi tauri, ta biyu da ta uku suna cewa ya yi laushi.

Wata na biyu: ƙarin iska

Ya zaɓi ya magance ƙurewar, don ita ce mai ƙara da ban tsoro. Ya riƙa ƙara iska har ta kai psi 230. Lotsawa ta koma milimita 12, kusan kashi 22. Makunnin dawowa bai taɓa shi ba.

Ƙurewar ta ragu, bugun feda ma ya ragu. Amma keken ya tashi daga baya, nauyi ya koma kan hannuwa, tayar baya ta daina riƙe ƙasa. A hawan tudu mai tsakuwa tana murzawa a banza, a gangare kuma idan ya taka birki sai ta yi ta tsalle-tsalle tana jan ƙasa. Ga kuma wata sabuwa: bayan kowane babban karo, keken yana harbo shi sama. Dalilin a fili yake. Iskar da aka matse ita ce ke turo shok ya dawo, mai kuma da ke ratsa ƙananan ramuka a ciki shi ke rage saurin dawowar. Idan an ƙara iska ba a ƙara matse hanyar man ba, dole dawowa ta yi sauri.

A ƙarshen watan ya faɗi. Ya diro daga wani dutse, bayan keken ya harba, ya wuce ta saman kan keken. Gwiwarsa ta dama ta tsage a kan dutse har sai da aka yi ɗinki, hular kwanon ma ta bugi ƙasa ta gefe. Makonni uku bai hau ba.

Wata na uku: rufe makunni

Da ya dawo, tsoron harbin nan ne ya cika masa zuciya. Ya murɗa makunnin dawowa ya kusa rufe shi gaba ɗaya, ya kuma bar ɗan hannun hawan tudu a kulle ko da a gangare. Harbin ya tafi. A madadinsa sai wata matsala ta zo a wuraren da duwatsu suke jere da juna. Karon farko shok ya shiga, kafin ya gama dawowa na biyu ya same shi, na uku ya ƙara tura shi ciki. Kafin a kai tsakiyar wurin ya nutse ya zauna a inda iskar ta fi tauri, bayan keken ya yi ƙasa, ƙafafunsa suna zamewa daga feda. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne ya yanke cewa shok ɗin iska ne bai dace da shi ba.

Wata na huɗu da na biyar: sifirin

Ba a banza mahaya ke son shok mai sifirin ba. Ba shi da manyan robobin da ke riƙe iska mai ƙarfi, don haka gogayya ta yi ƙaranci, yana motsawa da ɗan abu kaɗan. Zafin dogon gangare ba ya canza ƙarfin sifirin yadda yake canza na iska. Ba ya buƙatar famfo. Illarsa nauyi, wanda yakan ɗara na iska da giram ɗaruruwa, da kuma cewa ba a canza ƙarfinsa sai an sayi wani sifirin.

Ya sayi mai girman da ya yi daidai, 210 da 55, irin awon milimita da masu ƙera shok suka koma kansa tun 2016. Ya haɗa da sifirin mai lamba 500. Ma'anar lambar ita ce ana buƙatar nauyin laba 500 kafin sifirin ya matsu inci ɗaya. Shi da kansa ya ɗaura: ya kwance kusoshi biyu, ya zare tsoho, ya sa sabo. Lotsawa ta ba shi milimita 17, kusan kashi 31.

A fitar farko ya ji bambanci. Ƙananan duwatsu sun yi sauƙi, tayar baya ta fi riƙe ƙasa a kwana. Amma a dirowar nan mai tsayin gwiwa sai ya ji ƙarar da bai taɓa ji ba, keken ya daku har idon sawunsa ya amsa. Ya murɗa zoben da ke matse sifirin ya ƙara juyi huɗu. Wannan ya ɗaga keken kaɗan, ya kuma kashe laushin farkon motsi, amma ƙurewa tana nan, domin matse sifirin ba ya canza lambarsa. Masu ƙera da dama ma ba sa son a wuce juyi biyu. Sai ya sayi mai lamba 550. Lotsawa ta koma milimita 15, laushin da ya sa ya sayi shok ɗin ya ragu, ƙurewar ta yi sauƙi amma ba ta daina ba.

Ya kamata a tsaya a nan a duba lissafin, don shi ne zuciyar zaɓi tsakanin iska da sifirin. Sifirin na yau da kullum ba ya canza hali: incin farko da incin ƙarshe ƙarfi ɗaya suke ƙarawa. Idan zaman mutum kawai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na sandar, to nauyin da ya ninka wannan sau uku da 'yan kai ya isa ya kai ta ƙarshe, kuma dirowa daga dutse tana iya kai wa haka. Iska kuwa, duk lokacin da aka ƙara matse ta a ƙaramin fili, turjiyarta tana hauhawa, musamman a ƙarshe.

Abin da ke cike wa sifirin wannan giɓi shi ne firam. Tayar wannan keke tana tafiyar milimita 140, shok yana tafiyar 55, wato a matsakaici duk milimita ɗaya na shok taya tana yin kusan biyu da rabi. Amma rabon ba ya tsayawa wuri ɗaya. A firam ɗin da aka ƙera don sifirin, rabon yana farawa da yawa ya sauka sosai, ta yadda a ƙarshen tafiya tayar ba ta da ƙarfin danna shok kamar a farko. Da mahayin ya nemo jadawalin wannan rabo na firam ɗinsa, sai ya ga yana farawa daga wajen 2.7 ya ƙare a wajen 2.4. Saukar kusan kashi 11 ke nan. Masu saita shok da yawa sun fi natsuwa da sifirin idan saukar ta kai kashi 20 ko fiye. An zana wannan firam ne da niyyar iska ta yi aikin taurin ƙarshe.

Sunan tsarin firam ba ya nuna wannan. Ko mai mahaɗa ɗaya ne, ko na Horst, ko VPP na kamfanin Santa Cruz, ko DW-link na Dave Weagle, ana iya zana kowanne da sauka mai yawa ko kaɗan. Jadawalin keken shi ne abin dubawa, da kuma ko kamfanin ya yarda a sa sifirin a wannan firam. Wasu firam masu ɗan ƙarfen da ke ƙara wa shok tsawo suna danna sanda ta gefe, sandar shok mai sifirin kuma siririya ce.

Wata na shida: wurin mai gyara

Ba shok ne ya kai shi wurin mai gyara ba. Wata ƙara ce da ke fitowa idan ya taka feda da ƙarfi. Mai gyaran ya ɗora keken a kan maɗauri, ya cire tayar baya da shok ɗin, ya kama bayan firam da hannu ɗaya ya ɗaga shi a hankali. A keke mai lafiya wannan ɓangare yana tashi sumul, idan aka sake shi ya faɗo da nauyinsa. Wannan kuwa yana tafiya yana cijewa, da ya sake shi a tsakiya sai ya tsaya cak a inda yake.

Ya kwance babbar mahaɗar da ke saman aksul ɗin feda. Boris biyu da ke wurin sun cije. Da ya ɓanɓare robar ɗaya da tsinken ƙarfe, babu sauran giris a ciki, sai jan gari na tsatsa, ƙwayoyin ƙarfen kuma sun haƙa wa kansu ramuka a inda suka daɗe suna ɗan gaba da baya. Boris ɗin mahaɗa ba sa zagayawa kamar na taya, ɗan kusurwa kawai suke juyawa, shi ya sa suke cin wuri ɗaya. Wasu biyu a sama sun fara kaushi. Bushin ɗin idon shok na ƙasa ya sake, shi ne mai ƙarar.

Sai ya nemi a kawo tsohon shok ɗin iska. Ya sauke iskar gaba ɗaya, ya kwance gwangwaninsa. Ciki a bushe yake, robobin sun taurare, ƙura ta taru a bayan robar da ke share sanda. Kamfanin ƙera shok na RockShox na ba da shawarar a buɗe gwangwanin iska a tsabtace a sa mai bayan kowace awa 50 ta hawa, kamfanin Fox kuma na cewa a yi cikakken gyara bayan awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Babu alamar an taɓa buɗe wannan.

An canza boris duka, an canza bushin, an sa sababbin robobi da mai a shok ɗin iska. Mai gyaran ya kuma sa zoben cike fili matsakaici a cikin gwangwanin. Aikin wannan zobe shi ne rage filin iska, ta yadda farkon motsi zai kasance kusan yadda yake, ƙarshensa kuma ya yi tauri. Aka mayar da shok ɗin iska, aka ajiye na sifirin.

Wata na shida zuwa na bakwai: sabon saiti

A wannan karo an auna lotsawa da cikakken shiri: hula, takalma, jaka cike da ruwa. Sikeli ya nuna kilo 90. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sauran kuma kayan gyara ne da sutura. A psi 185 ɗin da ya fara da shi, zoben ya nuna milimita 19, fiye da kashi 34. Milimita 3 a shok ya kai kusan 8 a taya, wanda ya isa feda ta taɓa dutsen da da za ta tsallake.

Aka riƙa ƙara iska kaɗan-kaɗan. Bayan kowane ƙari sai a danna keken a hankali sau da dama, don iska ta ratsa ta daidaita tsakanin ɗakunan shok guda biyu, wanda ke turawa da wanda ke taimaka masa ya fara motsi. Wanda bai yi haka ba zai karanta lambar ƙarya. (Wani abin da ke ruɗa mutane: fitar iskar da ake ji lokacin cire famfo daga tiyonsa take, ba daga shok ba. Raguwar da ake gani idan an sake ɗaurawa kuma iskar da ta cika tiyon ce.) A psi 205 aka sami milimita 16.

Makunnin dawowa aka rufe shi gaba ɗaya, sannan aka riƙa buɗewa ana ƙirga kowane ƙas. Ya zaɓi wani guntun gangare da ya sani sarai, mai duwatsu jere da dirowa ɗaya. Ya fara daga tsakiya, ya gwada ƙas biyu wajen sauri, ya gwada biyu wajen jinkiri, ya ɗauki wanda ya fi, ya sake ragewa da ɗaiɗai. Abu ɗaya kawai yake canzawa a kowace saukowa, yana rubutawa. Ya tsaya a wurin da ya fi wanda yake a wata na uku sauri nesa ba kusa ba. Ɗan hannun hawan tudu ya koma buɗe, sai a doguwar hanya mai santsi yake kulle shi.

Taya ta biyo baya. Ya koma taya marar tif mai ruwan toshe huda, ya sa ta baya mai kaurin jiki, ya sauke iska daga psi 32 zuwa 26 a baya, 23 a gaba. Taya ce ke fara haɗuwa da ƙananan duwatsu kafin shok ya san da su, kuma kaurin jikinta ne ya ba shi damar rage iska ba tare da rim ya daki dutse ba.

Kayan jiki

Hular da ta bugu an yar da ita, ko da yake daga waje ƙarzuwa kaɗan ce ake gani. Soson da ke ciki yana kare kai ne ta hanyar murƙushewa, kuma ba ya komawa yadda yake. Sabuwar ta fi rufe ƙeya, tana kuma da shimfiɗar ciki mai ɗan zamewa don rage murɗawar kai idan an bugu a karkace.

Makarin gwiwa ya nemi mai shaidar EN 1621-1, ma'aunin Turai na kariyar gaɓoɓi. Mataki na 1 yana nufin matsakaicin ƙarfin da ke ratsawa a gwaji bai wuce kilonuton 35 ba, mataki na 2 kuma bai wuce 20 ba. Ya fara da mai kauri na mataki na 2, amma zafi da gogar bayan gwiwa suka sa yake cire shi a hawa, wani lokaci ya manta bai mayar ba. Ya koma mai laushi na mataki na 1 wanda yake iya tuƙi da shi yini guda. Ina ganin ya yi daidai, ga irin turbobin da yake bi.

Jakar goyon ta zama ta doguwar tafiya kawai. A fitar yau da kullum yana sa gorar ruwa a jikin firam, ya ɗaure tif da kayan gyara a ƙarƙashin sandar sama, sauran a ƙaramar jakar ƙugu. Nauyin ya sauka ƙasa, ya daina lilo a bayansa. Ranar da zai goyi babbar jakar, yana ƙara psi 5 zuwa 10. Takalman gudun da yake hawa da su ya bar su, ya sayi masu shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba mai kamu, wadda ƙusoshin feda ke nutsewa a ciki.

Sakamako, wata na tara

Bayan wata biyu a kan wannan saiti, zoben robar yana tsayawa saura milimita 3 zuwa 5 a fitar yau da kullum, yana kai ƙarshe ne kawai a dirowa mafi girma, kuma ba tare da ƙara ba. Bugun feda ya zama jefi-jefi. Ƙafafu sun daina zamewa a jeren duwatsu. Ciwon bayan da ya sa ya sayi keken ya ragu ƙwarai. Shok mai sifirin an sayar da shi ga wani mai firam da ya dace da shi.

Hukunci

Alamun wata na farko ba su saɓa wa juna ba, daga wurare biyu dabam suke. Taurin ƙananan duwatsu daga gogayya ne: boris da suka cije, robobi busassu, da taya mai iska da yawa. Ƙurewa da bugun feda kuma daga ƙarancin iska ne da firam marar taurin ƙarshe. Gogayyar ce ta ɓoye ƙarancin iskar, domin a gwajin cikin gida ta riƙe keken bai lotsa yadda ya kamata ba, ga kuma kilo 6 na kaya da ba a sa a lissafi ba. Duk abin da ya yi daga wata na biyu zuwa na biyar an gina shi ne a kan wannan awon na farko.

Ƙarin iska ya gaza saboda ya taurara dukan tafiyar don gyara ƙarshenta kawai, aikin da zoben cike fili ke yi ba tare da taɓa farkon ba. Rufe makunni ya gaza saboda ya danne alama ya bar dalili. Sifirin ya fi su kusantar gaskiya, don ya cire rabin gogayyar, kuma abin da mahayin ya ji a fitar farko ba ruɗi ba ne. Da a ce firam ɗinsa yana da sauka ta kashi 25, kuma boris ɗinsa lafiya, da zan ce ya ci gaba da shi. A wannan firam kuwa iska ce daidai.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne ranar da ya ɗaura sifirin da hannunsa. Shok yana cire, bayan firam yana sake, ɗagawa ɗaya da hannu ta isa ta nuna masa boris ɗin. Ga duk wanda ya sayi keke na hannu, wannan gwaji da buɗe gwangwanin iska su ya kamata su riga famfo. Faɗuwar wata na biyu ma, saitin ne ya jawo ta, amma ɗinkin gwiwa rashin makari ne ya jawo shi.

Saura matsala ɗaya da ba a warware ba. A gangaren da ya wuce minti goma ba tsayawa, shok ɗin yana ɗaukar zafi, man ciki ya tsinke, dawowa ta ƙara sauri wajen ƙarshe. Ƙaramin shok ne marar ƙarin tankin mai a gefe. Idan irin wannan gangare ya zama abin da ya fi bi, abin da zai nema shi ne shok ɗin iska mai wannan tanki, mai awo 210 da 55, bayan ya tabbatar tankin ba zai taɓa gorar ruwa ko firam ba idan shok ya shiga gaba ɗaya. A yanzu yana tsayawa ne a tsakiyar gangaren na 'yan mintuna ya bar shi ya huce.